Fuskokin da Ke Kallon Bango

Bagadaza, A'azamiyya
Maris, 1974

'Yata Suhaila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatun likitancinki da sanyin Glasgow. Ni dai ina nan. Ciwon sukari ya cinye idona na hagu, likita kuma ya ce in rage karatu da na dama, sai ka ce akwai abin karantawa a garin nan. Gwaggonki Hajiya Fahriyya tana fama da ƙafa, bakinta dai lafiya lau.

An yi sadakar arba'in ta babanki, Allah ya jiƙan ɗan baffana Burhan. Kada ki damu da jarrabawa ta hana ki zuwa. Da safe an yi addu'a a gida yadda ya kamata. Da yamma masu zane suka yi nasu taron a wani zaure a Waziriyya, inda Dakta Munzir, wanda ya sauka daga jirgin Faris a makon, ya yi ta magana har shayi ya huce a hannun mutane. Ya ce da babanki "ɗan'uwan raina". Ya ce shi ne ya 'yantar da zanen Larabawa daga bautar fuska. Ya share hawaye a daidai inda ya ja layi a takardarsa. Ina zaune kusa, na gani.

Kin san mu uku muka zauna ɗaki ɗaya a Faris bayan yaƙin duniya. Babanki yana zane, ni da Munzir muna karatun tarihin zane, kuma ni nake gyara wa Munzir Faransancinsa. Ni na dawo na ƙare da koya wa 'yan sakandare yadda ake tambayar hanyar tasha da Faransanci. Munzir kuwa ya gane tun da wuri cewa mai zane ba ya iya magana, don haka duk wanda ya yi magana a madadinsa ya mallake shi. Akwai wani zane mai jajayen murabba'ai da babanki ya yi bayan ya wuce rumfar mai kankana a Bab al-Mu'azzam. Munzir ya sa masa suna "Makokin Babila", aka rataye shi a Roma. Babanki ya yi dariya har ya ƙware, amma bai cire sunan ba.

Yanzu ga shi yana shirya babban nunin ayyukan marigayin da littafinsa na biyu a kan babanki. Jiya na same shi a ɗakin zanen babanki da yara biyu suna aune-aune. Ban san me yake nufi ba, amma duk takardar da ya aiko miki, kada ki sa hannu sai kin tambaye ni, ni da kike kira Ammu, wato baffa.

Ammunki,
Sabri

Glasgow
Afrilu, 1974

Ammu Sabri,

Na ga wasiƙarka, na kuma ji daɗi da kana lafiya. Don Allah ka bi maganar likita, ka daina zuba sukari cokali uku a shayi kana cewa mantuwa ce. Ka gaida mini Hajiya, ka ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ni lafiya, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa.

Ammu, tun ina yarinya ba na jin ka ambaci Dakta Munzir sai da tsaki. Amma shi ya yi ta yawo da zanen Baba a ƙarƙashin hammata lokacin da ba mai kallonsa. Shi ya zauna da shi a asibiti a bara kafin ya tafi Faris. Da labarin rasuwar ya same shi, ya kira ni ta waya ya kasa magana.

Ya rubuto mini, kuma bai ɓoye komai ba. Ya ce da ya shiga ɗakin zanen ya tarar duk abin da Baba ya zana a shekarunsa na ƙarshe, bayan na taho, yana kallon bango. Ya ce fuskoki ne: mai shayi, wanzami, wata mace tana ɓarar wake, irin abin da masu yawon buɗe ido ke saye. Ayyukansa na gaske kuwa, masu layuka da murabba'ai, duk suna kallon ɗaki. Ka fi ni sanin dokar Baba. Zanen da ya juya wa bango ya ƙi shi ke nan. In kaka ta yi a kai makarantar zane, a kankare shi da wuƙa, a wanke da soda, a shafa farar ƙasa, ɗalibai marasa kuɗin yadi su yi aiki a kai. Ina tuna ranar da na yi kuka a kan wani doki shuɗi da ya juya, ya ce mini, "Wanda ya kalli bango ya mutu, ba a yi masa roƙo."

Dakta yana neman izinina a cika masa wannan dokar karo na ƙarshe. Ya ce in aka bar su, wata rana wani zai fito da su kasuwa, a ce Burhan ya tsufa ya koma zanen wanzamai. Ban sa hannu ba tukuna, saboda kai. Amma ka ba ni dalilin da ba tsohuwar gabarku ba.

'Yarka,
Suhaila

Bagadaza
Mayu, 1974

'Yata Suhaila,

Ina gaishe ki. Lafiyata ba ta canza ba, kuma ba ita ce maganar yau ba.

Ga dalili. Ba babanki ne ya juya zanen nan ba. Gwaggonki ce, ni kuma na kama mata manyan.

Da aka yi rasuwa, maza suka zauna a masallaci, mata kuwa ba inda zai ɗauke su sai ɗakin zane. Malamar da aka kira ta yi musu karatu ta leƙa ta ja da baya, ta ce ita ba ta buɗe Alƙur'ani a inda idanu ke kallonta daga bango, kuma mata za su yi salla a nan. Hajiya ta kira ni daga ƙofa, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk mai ido, bango. Na tambaye ta masu murabba'an fa, ta ce, "Waɗannan bar su, ko mala'ika ba zai gane mene ne ba." Aka tashi daga zaman makoki, ta kulle ɗakin, ba wanda ya tuna ya juyo da su. Sai ga Dakta daga Faris da baƙin tabarau, ya buɗe ƙofa, ya ga wasiyyar ƙarni.

Na same shi a gidan shayinsu na titin Rashid, yaransa kewaye da shi. Na ja shi gefe na gaya masa.

Ya ce, "Wace Hajiya?"

Na ce, "Wadda ka shekara talatin kana cin dolmar da take dafa mana."

Ya juya cokali a shayinsa. Can ya ce, "Ustaz Sabri, kai matsalarka tun Faris ita ce kana tambayar hannun waye. Mu muna tambayar me abin ke nufi."

"Yana nufin mata za su yi salla."

"Hannun Hajiya ya yi abin da zuciyar Burhan ke so. Ya gaya mini a asibiti cewa wasa yake da su."

"Wasa? Shekara shida, kullum tun safe?"

"Tsoho yana da damar wasa. Ni ba ni da damar barin Turawa su yi masa dariya. Ka san abin da za su ce? Balarabe ya ari tufafinmu ya gaji, ya koma jallabiyarsa."

Na ce to ya zo gaban Hajiya ya maimaita. Ya zo kuwa, har da kwalin alawar baƙalawa. Ta ce masa, "Ni na juya su, Dakta, da hannun nan. In kana so ka kwashe, kwashe, ni dama ba na son gidan ɗan'uwana cike da idanu." Ya sumbaci hannunta ya fita yana murmushi. A jaridar Juma'a ya buga shafi guda a kan "daren da Burhan ya juya wa fuska baya". Har yanayin daren ya kwatanta, alhali yana Faris.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne duk wanda ke teburin nan ya san gaskiya. Matansu suna cikin ɗakin ranar. Amma wannan yana jiran Dakta ya rubuta masa gabatarwa, wancan yana son a tura shi nunin zane na Venis. Suka yi ta gyaɗa kai kamar tattabaru a kan hatsi.

Zanen nan su ne mafi kyawun abin da babanki ya yi, kuma na faɗa ne a matsayin wanda ya taɓa sanin aikin nan. Maganar mai ɓarar wake kuwa ba sai na yi miki ba. Kin fi kowa sanin matsayinta a wurinki, kuma ita ce ta fi yawa a cikinsu. Ki rubuta masa ki ce a'a.

Ammunki,
Sabri

Glasgow
Yuni, 1974

Ammu Sabri,

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya. Ni lafiya.

Na yarda da kai cewa Hajiya ce ta juya su. Na rubuta wa Dakta haka, ya amsa bai musa ba. Ya ce duk da haka shi ya ji daga bakin Baba cewa ba ya son a nuna su, kai kuma ba ka ce ka ji akasin haka ba. Na kwana biyu ina juya maganar, har na kusa cewa a dakata sai na zo.

Layinka na ƙarshe ne ya yanke mini. E, na san matsayinta a wurina. Tun ina nan ake rubuto mini cewa Ummu Basil, bazawarar gidan da ke kallon namu, ita ke dafa wa Baba, ita ke zama a kujerar bakin taga da aka ce ta mahaifiyata ce. Ban taɓa ce wa Baba komai ba, rayuwarsa ce. Amma ni ban san fuskar uwata ba, Ammu. Ta rasu ina shekara uku, kuma iyayenta ba su taɓa bari a ɗauke ta hoto ba. Ba zan tsaya a gidan nuni in ga mutane suna yaba wata mace a kujerarta ba, kuma na yi mamaki da ka zaci hakan zai sa in tausaya wa zanen.

Na sa hannu, na aika masa jiya. Kada ka yi fushi da ni. Wata mai zuwa za a tura ni wani ƙaramin asibiti a tsibiran arewa har ƙarshen bazara, wasiƙu za su jira ni a nan.

'Yarka,
Suhaila

Bagadaza
Yuli, 1974

Suhaila,

Ina lafiya. Ki karanta da kyau.

Ummu Basil ƙatuwa ce mai gashin baki, kuma babanki bai taɓa zana ko inuwarta ba. Mai ɓarar wake Sabiha ce, mahaifiyarki. Daga ƙwaƙwalwarsa ya yi ta zana ta tun ranar da jirginki ya tashi, tana ɓarar wake, tana taje kai, tana riƙe da ke. Na ɗauka ya gaya miki, don ya ce mini zai gaya miki. Munzir ya san ta sarai, shi ya riƙe wa babanki hula ranar ɗaurin aurensu. Ya kalle ta ya rubuta miki "wata mace".

Na je wurinsa, ya nuna mini sa hannunki. Na je makarantar, shugaban ya ce Dakta ne mai magana. Ni ba kowa ba ne a takarda, ɗan baffan mamaci ne kawai. Ki buga masa tangaraho yau, ki ce kin janye. Ba sa fara kankare su sai ɗalibai sun dawo hutu.

Sabri

Glasgow
Oktoba, 1974

Ammu,

Shekaranjiya na dawo na tarar da wasiƙarka a ƙarƙashin jaridu. An tsawaita mana zaman tsibirin. A tsaye na karanta, ban cire kwat ba na fita na buga wa Dakta tangaraho, na buga wa makarantar. Ba wanda ya amsa. Na nemi layin waya zuwa Bagadaza, aka ce in jira, na jira, aka ce ba ya gida.

Ba na iya cin abinci. Ka gaya mini ko me ya faru, kada ka sassauta. Ko guda ɗaya ne ya tsira, Ammu.

Suhaila

Bagadaza
Nuwamba, 1974

'Yata Suhaila,

Gaisuwa, da fatan kin samu kin ci wani abu. Na yi jinkirin amsa ne don na kwanta mako biyu, sukari ya hau. Yanzu da sauƙi. Kin ce kada in sassauta, to ba zan yi ba.

Da wasiƙarki ta zo na tafi makarantar. Na tarar da su a babban aji, a jere, fari fat. An kankare, an wanke, an shafe. Mai gadi ya nuna mini kwatar tsakar gida, har yanzu bakinta da sauran launi. Ɗalibai suna tsaye gaban yadin suna aiki, kuma kin san aikin da malaminsu ya ba su? Su kwaikwayi "Makokin Babila". Yara ashirin da wani abu suna zana kankanar babanki a kan fuskar mahaifiyarki, da natsuwa, suna lanƙwasa harshe. Wata yarinya ta ce mini yadin yana da kyau ƙwarai, ba ta taɓa samun irinsa ba. Na ce Allah ya ba da sa'a. Me zan ce mata?

An buɗe nunin ranar Alhamis. Na je, don in gani da idon da ya rage. Jakadu, matan jakadu, da duk 'yan teburin titin Rashid cikin sabbin kwat. A bangon ƙarshe Munzir ya sa an jingina wani yadi da ba komai a kansa, yana kallon bango, da igiyar alharini a gabansa kada a taɓa. Mutane suka taru suna kallon bayan katako da ƙusoshi. Na ji wata tana ce wa mijinta abin ya ratsa ta.

Ya hango ni ya taho da hannu a buɗe. Na ce, "Tangarahon Suhaila fa?"

Ya zaro shi daga aljihun ƙirji, a ninke. "Ya iso bayan an gama. Wallahi, Sabri."

"In da ya iso kafin nan?"

Ya mayar da shi aljihu. Ya kama hannuna ya ce a hankali, "Kana ganin ban so shi ba? Na fi ka son shi. Kai ka so mutumin, mutum kuwa ya tafi. Ni abin da zai rage nake tsaro." Idonsa ya kawo ruwa, kuma wannan karon ba takarda a hannunsa. Ya yarda da abin da yake faɗa, Suhaila. Da maƙaryaci ne kawai da na fi samun sauƙi. Na zare hannuna na goge a rigata a gabansa, na fita.

Daga can gidan gwaggonki na wuce, don in sauke mata sauran fushina. Na ce ita ta jawo, ita da malamarta. Na ce ta miƙa mabuɗi a kan kwalin baƙalawa. Na faɗi abin da bai kamata a faɗa wa Hajiya ba. Tana zaune tana jan carbi har na gaji.

Ta ce, "Ka gama, Ustaz?"

Na ce na gama.

"To kama ni in tashi. Kai da karatun Faris ɗinka, ko kujera ba ka iya miƙa wa mutum."

Ta kai ni ɗakin kwananta, ta ce in sa hannu bayan kabad. Na jawo wani abu naɗe da zanen gado. Tun daren da za a zo kwasa ta je ta ɗauko shi, ita kaɗai, da ƙafar nan tata, ta ratsa lungu da shi a ƙarƙashin abaya.

Na ce, "Hajiya, ke da ba kya son idanu a gida?"

Ta ce, "Ba na so. Wannan Sabiha ce. Ni na nemo wa Burhan ita, ni na yi mata wanka da ta rasu. Zan bar yara su sa mata soda?" Ta kwance zanen gadon ta daɗe tana kallo. "Hancin bai yi daidai ba, na gaya masa tun yana raye. Amma hannun nata ne. Haka take riƙe wake, kamar za ta ba shi haƙuri."

Na tambaye ta don me ba ta ɗebo sauran ba. Ta ce ɗaya ta iya ɗauka. Na tambaye ta don me ba ta gaya mini ba, ta ce bakina ba ya rufuwa in na ga Dakta, kuma da ya ji da ya zo da takardarki ya karɓe. Ban yi mata musu ba.

Babu sa hannun babanki a jiki. Littafin Munzir ya fito, ya ce ba ko ɗaya da ya rage, kuma in ya ga wannan zai ce ba na Burhan ba ne, duk teburin su gyaɗa kai. Saboda haka ba za a nuna masa ba. Na roƙi Hajiya ta bari in kai a ɗauki hotonsa in aiko miki, ta ƙi. Ta ce uban Sabiha bai yarda a ɗauke ta hoto ba, ita ba za ta fara ba, kuma in kina son ganin uwarki ki zo da ƙafarki.

Na san za ki ce in kwatanta miki ita. Na ɗauki alƙalami don haka, na ajiye. An yi wa zanen babanki bayani ya isa.

Yana nan a ɗakinta, fuskarsa a bango saboda salla. In ta idar da la'asar takan juyo da shi, ta sha shayinta a gabansa, kafin magariba ta mayar. Ki nemi hutu. In kin sauka, kada ki tsaya a wurina, ki wuce can kafin rana ta faɗi.

Ammunki,
Sabri